Cuku, kilishi da dabino: abin da za a saya don tiren baƙin sallah a Maraɗi

Tiren baƙin sallah yini yake yi a waje. Ana saukowa daga idi ake fara sallama, wasu su zo kafin azahar, wasu bayan la'asar, surukai kuma sau da yawa sai washegari. Duk abin da aka jera zai yi awoyi a falo ko a zaure, yara na kai hannu, ƙuda na shawagi. A shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa cikin watan Maris, ta layya kuma cikin Mayu ko farkon Yuni, kuma kowa ya san zafin Maraɗi kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Don haka, uwargida, kafin ki tambayi kuɗin abu, fara duba ko zai kai magariba bai juya ba. Da wannan ma'auni zan auna kayan da ke kasuwa.

Waɗanda ke ganin hotunan irin wannan tire a Facebook sun san Turawa kan jera cukunsu kala-kala a kan katako, da inabi da biskit da yankakken nama. Naman nan galibi na alade ne, ba namu ba ne, cukun kuma an yi shi don ƙasar sanyi. Tsarin jerin za a iya ɗauka, kayan kuwa muna da namu.

Cukunmu na gida shi ya kamata ya zama gindin tiren. Matan Fulani da na Buzaye ke yin sa, kuma wanda ke shigo mana yawanci daga arewa yake, wajajen Dakoro da Bermo, wani kuma daga yankin Tawa. Ana ɗaure ɗanyar madara da ɗan tumbin ɗan akuya ko maraƙin da bai fara kiwo ba, a shimfiɗa ta a kan ƴar tabarmar kara, ruwan ya tsiyaye, a shanya. Layukan da kike gani a jikinsa shatin tabarmar ne. Da yake ruwan ya fita, yana iya yin makonni ba firigo, kuma nan ya fi yawancin cukun kanti.

Ba duka cuku ne ɗaya ba. Na saniya yana da ɗan rawaya, yana da maiƙo, yana lanƙwasuwa kafin ya karye, ɗanɗanonsa kuma bai da ƙarfi, don haka yara da baƙin da ba su saba ba sun fi karɓarsa. Na akuya ya fi fari, ya fi saurin karyewa, ƙamshinsa ya fi fitowa. Dattawan da suka zauna arewa shi suke nema da shayi. Idan kuɗi ya isa ki haɗa biyun, na saniya ya fi yawa. Idan ɗaya za ki ɗauka, na saniya.

Wajen saye kada ki yarda da na saman ɗauri kawai. Ki sa mai sayarwa ya zaro miki na tsakiya, domin can danshi ke ɓuya. Ɗigon baƙi ko kore a jiki alamar funfuna ce, ƙananan ramuka da gari-gari alamar ƙwaro ya shiga, warin tsohon mai kuma na nufin ya daɗe a rana har maiƙonsa ya lalace. Ki gutsuri gefe ki tauna: in yashi ya yi ƙaras a haƙori, an shanya shi inda iska ke kwasar ƙasa, kuma ba wankin da zai fitar da shi. Farashi yana bin nono. Da damina da kaka yana da araha, da rani shanu sun rame sai ya yi tsada ya yi wuyar samu, ga shi sallolin bana da na baɗi duk a rani suke. Wadda ke da ɗan'uwa mai zuwa kasuwar Dakoro gara ta ba da saƙo tun da wuri, ta adana shi cikin takarda ko ƙyalle mai tsabta. Leda tana sa shi gumi.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: madarar da ake cuku da ita ba a dafa ta. Ki ɗora shi bisa garwashi kaɗan, ki juya, har ya yi laushi ya fara ƙamshi. Ya fi daɗi haka, ya fi sauƙin yankawa, hankali kuma ya fi kwanciya idan akwai mai juna biyu ko ƙananan yara cikin baƙin. A yanka shi tun yana da ɗumi, tsawon yatsa.

Sai wara da awara, waɗanda mutane kan haɗa su wuri guda. Wara ta nonon saniya ce, ana ɗaure ta da ruwan tumfafiya, kuma mai jan baya da ake kawowa daga ƙasar Binin an rina ta ne da karan dafi. Ba ta narkewa a mai, soyayyarta tana da kyau a ido. Awara ta waken soya ce, ga ta a kowace unguwa, kuma ita ce mafi araha a duk abin da zan lissafa. Matsalarsu ɗaya: ruwa gare su. Wadda aka soya da safe, kafin la'asar ta fara tsami. In kina son su, ki soya kaɗan-kaɗan ki fito da su da zafi lokacin da baƙi suka taru, a faranti daban, da yaji a gefe.

Cukun kanti kashi uku ne a wurina. Akwai La Vache qui rit na kamfanin Bel na Faransa, mai guda 8 a kwali, kowane a naɗe. Muddin ba a ɓare ba yana jure zama, yara na son sa, kuma nan amfaninsa ya tsaya. Ki sayi kwali ɗaya ko biyu saboda su, da burodi ko biskit marar sikari. Sai masu tauri irin Gouda da Edam na ƙasar Holan, da Emmental mai ramuka. Suna da daɗi da dabino ƙwarai, amma da zarar an yanka su a zafinmu sai su fara tsatso mai, gefensu ya bushe. Ki duba ranar ƙarewar wa'adi, ki taɓa ki ji ko da sanyi, ki kuma lura ko ledar ta kumbura, don ba ki san sau nawa wuta ta ɗauke tun da aka sauke shi daga mota ba. Masu laushi irin Brie da Camembert kuwa ban ba ki shawara ba. Ƙa'idar da hukumomin lafiyar abinci na Amurka ke bayarwa ita ce kada abinci mai saurin lalacewa ya wuce awa 2 a waje, awa 1 in zafi ya haura digiri 32. Wane baƙon sallah ne ke zuwa cikin awa ɗaya?

Kilishi ne zai ci kaso mafi tsoka na kuɗin, don haka a nan za a yi taka-tsantsan. Na Tasawa da na Madawa sun yi suna, amma suna ba ya hana a sayar miki da kwantai. Ja yana da yaji da launi, yana ƙawata tire. Fari yana da tunkuza ba yaji sosai, ya fi dacewa da gidan da tsofaffi ke yawan zuwa. Rumuzu, wanda ba a tsoma shi cikin kwaɓin gyaɗa ba, shi ya fi tafiya da cuku, domin ba ya danne ɗanɗanonsa. Ki ɗaga shi ki duba: in kwaɓin ya fi naman kauri, gyaɗa kike saye da kuɗin nama. A sallar layya kam ba sai an sayi kilishi ba. Soyayyen naman rago da dambun nama na gida sun wadatar, kuɗin ya koma wajen cuku.

Dabino ma zaɓi ne tsakanin kyau da juriya. Deglet Nour na Aljeriya da Tunisiya mai laushi ne, yana sheƙi, amma yana danƙo yana kiran tururuwa. Busasshen dabinon da ke zuwa daga Agadas da Kawar bai kai shi kyan gani ba, sai dai zai kwana uku a tire bai canza ba. Ki fasa biyu ko uku a gaban mai sayarwa ki duba ciki, saboda tsutsa. Ni nakan sa busasshen a babban tire, mai laushin a ƙaramin kwano mai murfi don manyan baƙi.

Sauran wurin da ya rage, kayan ƙasarmu za su cike shi da kuɗi kaɗan. Aya tamu ce, ta Agye da Cadawa, ko soyayya ko mai sikari. Ga soyayyar gyaɗa, ga kantun riɗi, ga ƙuli-ƙuli. Gyaɗar a tsince ta, duk ƙwayar da ta yanƙwane ko take ɗaci a zubar. Cincin da dublan gara na gida ko na maƙwabciyar da kika san man da take suya da shi. Alkaki da nakiya suna da zuma ko sikari mai nashewa, kada su taɓa kilishi. Kankana da mangwaro a yanka lokacin ci. Lemu da ba a ɓare ba ne kawai zai iya zama tun safe.

Tiren kansa ba sai an sayi katako ba. Babban tiren silba ko sabon faifai da aka shimfiɗa wa takarda mai tsabta ya isa, da ƙananan kwanoni don yaji da gyaɗa, da rariyar rufi saboda ƙuda. Kada ki juye komai lokaci guda. Ki raba kayan uku: kaso ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar, ɗaya a ɓoye don washegari. Yaran unguwa masu yawon barka da sallah a ƙulla musu nasu cincin da alewa a ajiye bakin ƙofa, in ba haka ba kilishin surukai ba zai kai azahar ba.

In maigida ne zai je kasuwar, a rubuta masa a takarda, a kuma gaya masa ya fara da cuku da kilishi kwana uku ko huɗu kafin sallah. Ranar jajibiri masu kyan sun ƙare, abin da ya rage kuma kuɗinsa ya hau.