Sharhi Kan Wata Cibiyar Gwajin Ƙwaya ta Direbobi a Jidda

Shekara uku ke nan ina kula da direbobin motocin da ke jigilar masu Umra tsakanin Jidda da Makka, kuma kafin azumin bana kamfaninmu ya tura mu wata cibiyar lafiya a kudancin Jidda domin gwajin ƙwaya. Na raka mutum tara, shida daga cikinsu Hausawa ne.

Game da tsari ba ni da ƙorafi. An karɓi iƙamar kowa, wato katin izinin zama a Saudiyya, an ba shi ƙaramin gwangwanin roba mai ɗauke da lambarsa, an rufe bakinsa da tambari a gabansa bayan ya kawo fitsari, sakamako kuma ya fito washegari. Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai tsaya ga gwaji kawai ba. Ya nuna mana hoton Captagon, ƙwayar da direbobi ke kira Abu Hilalaini saboda jinjirin wata biyu da ke jikinta, ya bayyana cewa tana hana barci ne ba tare da ta kawar da gajiya ba, ta yadda idan ƙarfinta ya sake mutum a kan titi, barci yakan fizge shi alhali fasinja hamsin suna bayansa. Duk wanda ya san yadda muke aiki a goman ƙarshe na Ramadan, inda direba kan yi sawu huɗu tsakanin tarawihi da sahur, ya san cewa ba don nishaɗi ake fara haɗiyar ta ba. Giya kuwa a taƙaice ya ambace ta, tunda haramtacciya ce a ƙasar tun 1952.

Inda cibiyar ta gaza shi ne harshe. Takardar da ake tambayar magungunan da mutum ke sha da Larabci kaɗai aka rubuta ta, babu kuma tafinta. Wani dattijo a cikinmu, wanda ciwon baya ya daɗe yana damun sa, ya bar gurbin babu komai duk da cewa likita ne ya rubuta masa Tramadol, maganin da dokar Saudiyya ke sa wa ido ƙwarai. Da ban leƙa takardarsa na ce, "Baba, ina takardar asibitinka?" ba, da sakamakonsa ya isa ofis babu bayani.

Zan sake kai direbobi can, amma sai na zaunar da su tun a gareji mun cike takardar tare.