Kulant ɗin Toyota mai ruwan hoda, yadda na same shi

Masu cewa wai ai ruwan famfo ma yana sanyaya inji, me zai sa mutum ya sayi kulant mai tsada, gaskiya ban yarda da su ba. Eh yana sanyayawa kam, amma shi ne yake cin inji ta ciki, tsatsa ta taru, farin gishirin nan ya toshe siraran hanyoyin lagireto, sai a cikin goslo ka ga allura tana haurawa sama kana ta zargin fanka alhali fanka lafiyarta ƙalau.

Super Long Life na Toyota nake zuba wa motata, wanda yake ruwan hoda ɗin nan, ba ja ba, don jan daban ne, shi sai ka haɗa shi da ruwa kuma ba ya daɗewa kamar wannan. Wannan a haɗe yake zuwa, rabi da rabi, buɗe galan kawai ka zuba. Toyota sun ce na farko da ya zo da mota daga kamfani yana kai kilomita 160,000 ko shekara 10, bayan nan kuma duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Abin da ya fi burge ni shi ne in ka buɗe murfi da safe inji a sanyaye ka leƙa wuyan lagireto, fes yake, babu wannan jan laka mai kama hannu, robar murfin ma ba ta kumbura ba. Kuma irin wannan haɗin ba ya tafasa a digiri 100 kamar ruwa zalla, sai wajen 107, in murfi yana riƙe iska da kyau ya wuce 120.

Inda yake da matsala kuma dole in faɗa. Tunda a haɗe yake, in bakanike ya wanke maka da ruwa to akwai ruwan da ke maƙalewa a cikin bulok ɗin inji da hita, kana zuba sabon sai ya tsinke, ƙarfinsa ya ragu. Ka tsaya a kansa ya kwance ƙasan ya tsiyaye sosai, ya kuma fitar da iska bayan an cika, in ba haka ba obahitin na nan tafe. Sannan jabu ya yi yawa wallahi, ruwa ne da kala kawai a galan mai kyau, shi ya sa kar ka bi kala, ka duba hatimin murfi da rubutun jiki. Kar kuma a gauraya shi da koren nan na da, sinadaransu ba ɗaya ba ne.

Wani abin da ke min ciwo, mutum ya sayi kulant mai kyau sannan ya bari a cire masa tamostat, abin nan da ke tare ruwa sai inji ya ɗau zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto, wai don mota ta huta da zafi. Inji yana da zafin da yake so, tamostat ɗin yawancin Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa, in babu shi mai za ta riƙa sha a banza.

Don Allah a ajiye galan inda yara da dabbobi ba sa kai wa, yana da zaƙi a baki amma guba ne, yana lalata ƙoda. Murfin lagireto kuma kar a taɓa shi inji da zafi.