Wasiƙa daga Ingila game da rashin walwalar Inna

Yaya, ina gaishe ka da iyali, da fatan damina ta yi albarka. Maganar Inna da ka yi mini ta tsaya mini a rai. Tun rasuwar Baba ta daina zaman tsakar gida da yamma, furar da take dama wa jikoki ta bari, tuwo loma biyu ta ture. Ka ce malamin asibitin sha-ka-tafi ya ba ta maganin ƙarin jini, ya ce tsufa ne.

A aikina na kula da tsofaffi na sha raka su wurin likitan unguwa. Ganin likita kyauta ne a tsarin kiwon lafiya na gwamnati da ake kira NHS, wanda ya kai shekara 60 ko kuɗin magani ba ya biya, sai dai samun ranar ganin likitan kan ja lokaci. Abin da ba mu da shi a ƙauye shi ne, bayan awon jini akan tambayi zuciya. Da tambaya biyu ake farawa: a watan da ya wuce, baƙin ciki ko yanke ƙauna sun dame ka? Abin da ka saba jin daɗinsa ya fita daga ranka? In aka ce e, sai a ɗauko takarda. Akwai PHQ-9 mai tambaya 9 a kan mako biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27, daga 10 ake zargin ciwon damuwa. Akwai GDS da aka tsara wa tsofaffi a Amurka da tambaya 30, aka taƙaita ta zuwa 15 a 1986, amsarta e ko a'a.

Takardun nan suna da amfani, amma ba su ke yanke hukunci ba. PHQ-9 tana tambayar barci da cin abinci da gajiya, alhali tsoho mai ciwon suga ko ciwon gwiwa duk zai amsa e ko da ransa fes yake. Shi ya sa GDS ta kauce wa tambayoyin jiki. Ita ma tana da nata: tana tambaya ko ka fi son zaman gida a kan fita. Matar da ta yi rayuwarta a kulle fa?

Wanda ya fi damuna shi ne wanda takarda ke bari ya wuce. Na taɓa raka wata dattijuwa Musulma da mijinta ya rasu. Likita ya ce, kin gamsu da rayuwarki? Tana jan carbi ta ce Alhamdulillahi. Kina jin rayuwarki ta zama fanko? Ta ce a'a, Allah na nan. Makinta ya fito ƙasa. Muna komawa gida ta zauna a bakin gado da mayafinta, ta yi ta kuka har la'asar. Inna na gani a gabana, Yaya. Ko ni na tambaye ta a waya, "sai godiya" za ta ce, domin a wurinta ƙorafi butulci ne ga Ubangiji.

Don haka ka roƙi Goggo ta riƙa kwana a ɗakinta, ta ji ko tana farkawa cikin dare, ta tambaye ta abin da take yawan tunani. Abin da Goggo ta gani shi za ku faɗa wa likita. Ku kai ta asibitin Malam Aminu Kano, a duba jini da suga, a kuma duba damuwar. Kada maganar mutane ta tsorata ku, wannan ba hauka ba ne, kuma yana jin magani, sai dai maganin kan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi. A ci gaba da addu'a da tofi, amma don Allah kada a sayo mata maganin barci a kemis, yana sa tsoho jiri ya faɗi.

Ranar Juma'a zan turo kuɗin mota da na kati. Ka haɗa ni da ita bayan sallar isha'i, lokacin da yara suka kwanta.