Na'urar kati mai magana da na saya wa Amir, abin da na gani bayan wata huɗu

Tun ranar da na saka hoton na'urar nan a WhatsApp mata ke ta tambayata, wai Maman Amir da gaske tana sa yaro magana? Toh bari in amsa gaba ɗaya, dan wlh ba na so wata ta cire kuɗinta a wannan tsadar rayuwa da irin tunanin da ni na saya da shi.

Ƴar ƙaramar aba ce ta roba, ba ta fi tafin hannu ba, da kunnuwa kamar na mage. Ana zura kati ta sama sai ta faɗi sunan abin da ke jiki, akwai maɓallin maimaitawa, in dabba ce ko mota har kukanta take yi. Kati 112 ne gaba da baya. Wajen wata mai sayar da kayan yara ta intanet na saya, naira 13,000, mai kawowa ya karɓi 1,500 zuwa Unguwar Dosa, daga baya na ga irinta a Kasuwar Gumi da ɗan sauƙi.

Lokacin Amir yana wata 14 kuma ko kalma ɗaya babu, sai gwaranci, bababa dadada yini guda. Ɗiyar maƙociyata da suke sa'anni har ta iya cewa “ba ni”, ni kuma kullum da dare in na kwanta abin na cina a rai. Hajiya surukata tace in kwantar da hankalina namiji ne, ai babansa ma ya daɗe bai buɗe baki ba, wata kuma a gidan suna ta ɗaga masa harshe tace linzami ne a kai wa wanzami ya yanke. Wannan kam ban yarda ba, yaron da yake shan nono lafiya yana zaro harshe har waje. A cikin wannan ruɗanin naga tallan na'urar, an rubuta wai tana sa yaro saurin magana, ko shawara da Baban Amir ban tsaya yi ba na tura kuɗi.

Gaskiya ta wajen ƙarko ban da ƙorafi. Da cajar waya ake cajinta, caji ɗaya yana kai mu kusan sati ko da wuta ko babu, ta faɗi a tayil ya fi sau goma ba ta fashe ba, muryar ma tana fita tas. Katin ne matsala, kwali ne mai ɗan sheƙi, yaro ɗan shekara ɗaya kuwa komai baki yake kaiwa, cikin sati biyu miyau ya jiƙa kusan guda goma, kuma da kati ya lanƙwashe sai ta ƙi karantawa ko ta faɗi sunan wani abu daban. Sannan Turanci ne zalla, hotunan ma da yawa abubuwa ne da ɗan Kaduna bai taɓa gani ba, mutum-mutumin ƙanƙara, wasu tsuntsayen ƙasashen sanyi, ba akuya ba buta ba tabarma.

Amma abin da ya fi damuna ba a jikin na'urar yake ba, sai da na yi sati uku kafin na lura. Amir ba ya iya zura katin da kansa, ni nake zurawa, ta yi magana, ya danna maɓalli ya ƙyalƙyale da dariya, ya sake dannawa. Ni kuma na yi shiru. Wlh sai mu yi minti ashirin a zaune ban ce masa komai ba sai “kawo” da “bari”, idonsa na kan roba ba kan fuskata ba, alhali da can in muna zaune surutu nake masa yana kallon bakina yana ƙoƙarin kama leɓena da hannu.

Ranar da muka je allurar ƙyanda ta biyu, ta wata 15, na samu wata sista mai haƙuri na zayyana mata komai. Ba ta ma tambayi kalma nawa ya iya ba da farko. Tace, “Maman Amir, in kin kira sunansa yana juyowa? Yana nuna abu da yatsa ya waiwayo ya kalle ki? Yana ɗaga hannu ya yi bai-bai? In kika ce ina takalminka yana nema?” Duk nace eh. Tace to ai magana ta riga ta fara, ba ranar da yaro ya ce Mama take farawa ba. Tun wajen wata 2 jariri yake fara guɗa-guɗar nan ta uuu aaa, daga wata 6 zuwa 9 gwaranci ya shigo, kalmar farko galibi wajen shekara ɗaya, wasu su ɗan wuce, zuwa shekara 2 kuma a ji yana haɗa kalma biyu kamar “Baba tafi”. Abin da tace kar a zauna a kai shi ne yaron da ba ya gwaranci, ba ya nuni, ba ya amsa sunansa, ko wanda ya fara magana sannan ta ɗauke. Kuma saboda Amir ya yi shawara yana jariri tace mu je a auna jinsa, dan shawara mai tsanani da sanƙarau da yawan ciwon kunne duk suna iya taɓa ji. Mu nan Kaduna Allah Ya taimake mu Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a garinmu take, mutane daga wasu jihohi suke zuwa. Mun je, aka duba, Alhamdulillah kunnensa lafiya lau.

Da na nuna wa ƙanwata mai karatun jinya na'urar sai ta ba ni labarin wani bincike da Patricia Kuhl da abokan aikinta suka fitar a 2003 a Jami'ar Washington da ke Amurka. Jarirai ƴan wata 9 da ba su taɓa jin Sinanci ba, wasu aka zaunar da su da mutum yana musu magana da wasa da yaren har sau 12, wasu kuma aka kunna musu a bidiyo ko murya kawai. Waɗanda suka zauna da mutum sun iya bambance sautukan yaren, na bidiyo da na murya ba su koyi komai ba. Ina jin haka jikina ya yi sanyi, dan abin da nake gani a falona kenan. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 tace kar a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon talabijin ko na waya. Wannan ba allo bace, amma ita ma ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta san ya kalli taga ba balle ta ce masa ga tsuntsu can.

Sai na ɗora na'urar a saman wadrob, na ware kati kamar ashirin na abubuwan da yake gani a gida, kofi, cokali, ƙwallo, mota, kaza, ayaba, ina faɗa masa da Hausa da bakina. Na koma yin surutu a wajen wanka da girki, ga ruwa, ruwa da sanyi ko, ɗago hannu, ina ƙafa, ga ƙafa. Abin da ya fi min wuya shi ne jira, sista tace in na yi magana in yi shiru na ɗan lokaci in ba shi fili, ko “ba” yace in amsa kamar ya yi zance, in ya nuna kofi kar in miƙa da sauri, in ce ruwa kake so, ruwa? Hajiya kuwa dama gwana ce, in ta ɗora shi a cinya tana masa tawai da kirari har sai ya shiɗe da dariya, yayarsa ma in ta dawo daga Islamiyya shi take biya wa karatunta. Turancin da babansa ke masa ban hana ba, yare biyu ba ya jawo jinkirin magana, yaran Kaduna nawa ne suka tashi da uku.

Yana wata 17, wata ranar Asabar da yamma ina shara a ƙofar gida yana riƙe da zanina, akuyar maƙota ta zo wucewa da ƴaƴanta biyu, ya sake ni ya miƙa yatsa ya kalle ni yace “kuya”. Na jefar da tsintsiya na durƙusa nace eh akuya ce, akuya! Ya sake cewa kuya. Sai da na yi hawaye a wajen. Yanzu wata 18 yana da kamar kalma takwas, ruwa yana ce masa “uwa”, mota, a'a, Baba, da “ban” in yana son abu.

Na'urar ba ta tashi a banza ba dai, yayarsa mai shekara 4 da take nazire ta gaje ta, ita tana zura kati da kanta tana maimaita Turancin, har malamarsu tace ta ƙaru. Ga mai yaro ɗan shekara 3 zuwa sama zan ba ta huɗu cikin biyar, a dai samu leda a rufe katin. Ga jariri ko ɗan shekara ɗaya da ake so ya fara magana, ɗaya zan ba ta, wannan ɗayan ma na katin ne. Maƙociyata ta tambaya za ta saya wa jaririnta ɗan wata 8, nace ta bari, na ba ta aron kati goma daga cikin waɗanda Amir bai tauna ba.