Farin cikin abin hannu da na Almasihu

Akwai farin cikin da abin hannu ke kawowa. Ka sayi sabuwar waya, zuciya ta yi fari. Ban raina shi ba. Amma bayan mako biyu ido ya koma kan ta maƙwabci.

Na Almasihu dabam ne. Manzo Bulus yana ɗaure ya rubuta wasiƙa ga Filibiyawa, wato masu bi na birnin Filibi, yana ta nanata musu su yi farin ciki cikin Ubangiji. A sura ta 4 ya ce ya koyi wadar zuci, ko a ƙoshe ko cikin yunwa. Kalmar "koya" ɗin nan tana ƙarfafa ni ƙwarai. A Filibi ɗin ma, shi da abokin tafiyarsa Sila sun raira waƙar yabo a kurkuku da tsakar dare, ƙafafunsu a turu, bayansu duk raunin duka.