Gidan Schindler ko Gidan Hollyhock: wanne za ka ba yammacinka?

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tunda yammaci ɗaya tak gare ka a Los Angeles, kuma zaɓin tsakanin Gidan Schindler da Gidan Hollyhock ne, tafi Schindler. Na shiga duka biyun, amma duk baƙon da ya sauka a wurina, Gidan Schindler da ke titin Kings Road nake kai shi.

Hollyhock ba abin rainawa ba ne. Frank Lloyd Wright ne ya zana wa Aline Barnsdall, 'yar wani attajirin man fetur, aka gama shi a 1921, ita kuma ta kyautar wa birnin a 1927. A 2019 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da wasu gine-ginen Wright bakwai. Yana kan tudu, kana hango gari. Sai dai gidan kallo ne: ka bi inda aka ce a bi, ka leƙa, ka fito.

Aikin Hollyhock ɗin ne ma ya kawo Rudolph Schindler garin. Mutumin Vienna ne, yana aiki a ƙarƙashin Wright, aka turo shi a 1920 ya kula da ginin. A 1921 shi da matarsa Pauline suka je hutu dajin Yosemite, suna kwana a tanti, wuta na ci a gabansu. Da suka dawo sai ya zana gidan da zai ba su irin wannan zaman, aka kammala shi a 1922.

Kai da kake karatun zanen gine-gine, tsarin nan kaɗai ya isa ya sa ka tafi. Iyali biyu aka gina wa: su Schindler, da Clyde Chace da matarsa Marian. Babu falo, babu ɗakin cin abinci, babu uwar ɗaka. Kowanne cikin mutum huɗun nan yana da ɗakinsa na aiki, kicin ɗaya ne na kowa, sai ɓangaren baƙo. Kwana kuwa a saman rufi ake yi, a wasu 'yan rumfuna da iska ke ratsawa. Kowane iyali yana da filinsa a waje, da murhun jin ɗumi a jikin bango, kuma ƙofofin da suka raba ɗaki da filin turawa ake yi gefe. Tun asali da yadi mai kauri irin na tanti aka yi su.

Na taɓa kai kawuna, wanda ya yi rayuwarsa yana aikin gini. Tun a mota yake cewa me za a nuna masa a gidan Turawa da ba ko bene. Muna shiga ya yi shiru. Ya tsaya a jikin bango yana shafa kankaren da tafin hannu, yana bin siririn gilashin da ke tsakanin kowane falle da na kusa da shi, wanda faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba. Na gaya masa a kwance aka zuba kowane falle a ƙasa, da ya bushe aka ɗaga shi da igiya aka tsayar. Sai ya durƙusa yana neman inda bangon ya haɗu da daɓe. Daga nan ya fita fili ya zauna, ya dubi murhun, ya dubi rumfar kwanan da ke sama, ya ce ai wannan mutumin tsakar gida ya gina, ɗakunan rakiya suka yi mata, kamar yadda muke fitar da tabarma waje in zafi ya yi. Sai da rana ta karkata, hasken gilasan ya yi layi-layi a kan daɓen, sannan ya yarda muka tashi.

Abin da ya fi sa ni komawa shi ne gidan bai daina aiki ba. Tun zamanin Pauline matattarar masu fasaha ne. Mai zanen gini Richard Neutra da iyalinsa sun zauna a ciki daga 1925 zuwa 1930, mai tsara kiɗa John Cage ma ya ɗan zauna. Schindler ya rasu a 1953, Pauline a 1977, sai wata ƙungiyar masoya gidan ta karɓe shi a 1980. A 1994 suka ƙulla yarjejeniya da gidan adana kayan fasaha na MAK da ke Vienna, aka kafa MAK Center, cibiyar fasahar zamani da zanen gine-gine. Baje kolin yana canzawa, kuma mai fasahar da aka ba ɗakunan nan dole ya yi shawara da su, don ba farin bango aka miƙa masa ba: kankare ne, da jan katako, da rufi ƙasa-ƙasa. Wani aikin yana zama daram, wani kuma gidan ya fi ƙarfinsa, kuma ko wannan ɗin darasi ne gare ka. Cibiyar tana kuma kula da Mackey Apartments, wanda Schindler ya zana a 1939, inda take saukar da masu fasaha da masu zanen gini daga ƙasashen waje na wata shida. Ka riƙe wannan a ranka don gaba.

Gaskiya ɗaya: gidan ƙarami ne, kaya ba yawa, tsufa kuma ya nuna a jikin katako. Mai neman ƙawa da ado Hollyhock zai fi masa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallan yawon buɗe ido da ke tare mutane a titin Hollywood da takarda a hannu. Wani ya taɓa sayar min da kujera a motarsa da alkawarin gidajen zamani na tarihi, ashe wucewa kawai za mu yi yana nuni da yatsa. Gidan Schindler kuwa ko ganinsa sosai ba ka yi daga titi, gora da shuke-shuke sun rufe shi, dogayen gidajen haya kuma sun sa shi a tsakiya. Haka nan shafukan intanet masu sayar da tikiti da ƙarin kuɗi, suna cewa ba za ka bi layi ba. Ka saya kai tsaye a shafin MAK Center, ka duba ranar, don ba kullum suke buɗewa ba, kuma sukan rufe in ana shirya sabon baje koli. Adireshin 835 North Kings Road ne, West Hollywood. Ka tafi da littafin zane da fensir, ka ware aƙalla awa biyu.