Star Trek/X-Men: na biya kuɗin cikakken littafi, an kawo min mai giɓi

Sati biyar na yi ina jiran littafin nan. Mai sayarwar ya rubuta a tallarsa cewa kamar sabo yake. Ni ma ba yaro ba ne, na san abin da aka buga tun 1996 ba zai zo fes ba. Abin da na sa rai kawai shi ne shafukan su cika. Ashe ko a nan ma na yi zari.

Ga wanda bai san shi ba, komik ne, wato labari cikin zane, fitowa ɗaya tak da kamfanin Marvel ya buga, Scott Lobdell ya rubuta, Marc Silvestri da wasu suka zana. An kwaso 'yan X-Men, jarumai masu baiwa ta musamman, su Cyclops da Jean Grey da Storm da Wolverine da Beast da Gambit da Bishop, aka zuba su cikin kumbon Enterprise na Kyaftin Kirk, na shirin talabijin ɗin Star Trek. Ni masoyin Star Trek ne tun zamanin kaset ɗin bidiyo, ƙanena kuwa ba shi da zance sai Wolverine. Mun shekara muna musu a kan wanda zai kayar da wani tsakanin Wolverine da Spock, mataimakin Kirk. Na daɗe da sanin cewa a littafin nan Spock ya matse wa Wolverine jijiyar gefen wuya ya zube ƙasa. Wallahi don wannan shafin kaɗai na cire kuɗina, in kai wa yaron nan har ɗakinsa in rufe masa baki.

To ita wannan takardar ce babu. Ba ruwa ne ya ci ta ba, ba gara ba ce. Yage ta aka yi a tsanake, ga ɗan guntunta nan a maƙale. Da alama wani ne can ya ga ta burge shi ya manna a bango. Na juya gaba na juya baya har sau uku kamar zan tsince ta a wani wurin. Da na yi wa mai sayarwar magana, sai ya ce, "Yallaɓai, ai haka na same shi." Na ce to da ka same shi haka, me ya hana ka faɗa? Shiru har yau. Alamar ya karanta ta fito, amsa dai babu.

Na jefar da shi kan kujera kwana biyu ban taɓa ba. A dare na uku da aka ɗauke wuta na ɗauka ina dubawa da fitilar waya, sai ga ni ina dariya ni kaɗai. Sunan Beast na gaskiya Hank McCoy, kuma shi ma dokta ake ce masa, likitan Enterprise kuwa Leonard McCoy. A ɗakin jinya aka kira sunan Dokta McCoy, sai su biyun suka amsa a tare, ɗaya dattijo mai saurin fushi, ɗaya ƙato mai shuɗin gashi har fuska. Duk shekarun nan ban taɓa lura sunansu ɗaya ba. Ga kuma Gladiator, dogarin daular Shi'ar, da ya tsaya a sararin samaniya ya kai wa kumbo guda naushi. Hauka ne tsagwaronsa, amma irin wanda nake so.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dawo da Gary Mitchell, abokin Kirk da ya mutu a duniyar Delta Vega a wani shirin Star Trek na 1966. Proteus, maƙiyin 'yan X-Men, shi ya shiga gawarsa. Wanda ya haɗa wannan ya san tsohon shirin, ba shaci-faɗi ya yi ba. Zanen ne dai ya cika tsoka, kowa kamar ɗan dambe, har da Kirk ɗin da muka san girman damtsensa.

A daren har na fara cewa kuɗina bai faɗi banza ba. Na ma ƙudurta neman Second Contact na 1998, inda 'yan X-Men suka haɗu da su Kyaftin Picard na Star Trek, da littafin Planet X na Michael Jan Friedman, wanda ya taɓo kamannin Picard da Farfesa Xavier, jagoran 'yan X-Men, tun kafin Patrick Stewart, mai fitowa a matsayin Picard, ya fito a matsayin Xavier a fim ɗin 2000.

Sai ga ƙanena ya shigo da safe. Ya buɗe, ya ga giɓin, ya kalle ni ya ce, "Yaya, ina shaidar taka?" Na ce an yage. Ya ce ni na yage don na ga Spock ya sha kashi. Na nuna masa hoton shafin a intanet, ya ce wannan kowa ma zai iya haɗawa, kuma ko an matse shi ai jikin Wolverine warkar da kansa yake yi. Yanzu har matata ta shiga bayansa.

Littafin tauraro huɗu ne. Mai sayarwar kuwa ɗaya na ba shi, shi ma don ba a iya ba da sifili. Har yanzu ina jiran ya amsa min saƙona.